Rage Hayaƙin Injin Dizal ta Hanyar Tarbo da Na'urar Maida Hayaƙi Cikin Inji

Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Mashi na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina. Tana cikin shiyyar Daura, wato mazaɓar ɗan majalisar dattawa ta Katsina ta Arewa, kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar daga arewa. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa mutanen yankin sun haura 170,000, akasarinsu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Babbar hanyar da ta haɗa Katsina da Daura ta ratsa garin Mashi, haka kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashin gininsa a watan Fabrairu na 2021, an tsara shi ya bi ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya.

Injin dizal, wato injin da ke shan man da jama'a ke kira man gas, ya shiga kusan kowane sashe na rayuwar wannan yanki. Shi ne ke jan tirela da tanka da tifa da kanta masu ɗaukar hatsi da dabbobi zuwa kasuwanni. Shi ne ke cikin taraktar da ke huɗa gona, da injin niƙan gero da dawa, da janaretan asibiti da na ma'aikatu, da na turakun wayar salula. Amfaninsa a bayyane yake: yana da ƙarfin jan kaya, yana da juriya, kuma yana tsimin mai fiye da injin fetur. Illarsa kuwa tana cikin hayaƙin da yake fitarwa. Wannan bayani zai duba abin da hayaƙin ya ƙunsa, da dabaru biyu da injiniyoyi suka ƙirƙiro domin rage shi, da kuma abin da ya wajaba a kan mai inji da bakanike da jami'in hukuma domin dabarun su yi aiki a irin yanayin ƙasarmu.

Yadda injin dizal ke aiki

Injin ya samo sunansa daga Rudolf Diesel, wani injiniya Bajamushe wanda ya kammala injinsa na farko mai aiki sosai a birnin Augsburg a shekarar 1897. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba ya amfani da fulogi wajen kunna wuta. Fistin ne ke zuƙo iska zalla cikin silinda, sannan ya matse ta har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 15 zuwa 20 na girmanta. Wannan matsi kan sa iskar ta yi zafin da ya wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyos. A daidai wannan lokaci nozul ke fesa mai kamar raɓa, man ya kama da wuta da kansa, ƙarfin konewar ya tura fistin ƙasa, ƙarfen da ke juya tayu ko dutsen niƙa ya juya.

Daga wannan za a fahimci cewa lafiyar injin ta rataya a kan abu uku: isasshiyar iska mai tsabta, da mai mai kyau wanda aka fesa shi daidai kuma a kan lokaci, da zafin da bai gaza ba bai kuma wuce kima ba. Duk lokacin da ɗaya daga cikin ukun ya sami tangarɗa, alamar farko a bakin salansa take bayyana.

Abin da ke cikin hayaƙin

Mafi yawan abin da ke fita daga salansa iskar naitirojin ce da tururin ruwa da iskar kabon dayoksayid. Kowace lita ɗaya ta dizal da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.6 na kabon dayoksayid, wadda ke cikin iskokin da ke ɗumama duniya. Amma abubuwan da suka fi cutar da mutanen da ke kusa da injin guda biyu ne.

Na farko shi ne kunkunniya, wato baƙin hayaƙin da ido ke gani. Ɓurɓushin man da bai gama ƙonewa ba ne, saboda ƙarancin iska ko rashin kyawun feshi. Mafi haɗari daga cikinsa su ne ƙananan ƙwayoyin da faɗinsu bai kai na gashin kan mutum ba ko kusa. Gashin hanci ba ya iya tare su, sukan wuce har ƙuryar huhu, wasu ma su shiga jini. Suna tayar da asma da tari, suna kuma taimaka wa ciwon zuciya. A watan Yuni na 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sanya hayaƙin dizal cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa wa ɗan Adam cutar daji, musamman ta huhu.

Na biyu shi ne iskar oksayid ta naitirojin, wadda injiniyoyi ke taƙaita sunanta da NOx. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 oksijin. A yanayi na yau da kullum waɗannan biyu ba sa haɗuwa, amma idan zafin wuta a cikin silinda ya haura digiri 1,500 sai su fara haɗewa su zama wannan guba, kuma duk ƙaruwar zafi tana ninka yawanta. Akasari ido ba ya ganinta a bakin salansa. Tana ƙona maƙogwaro da huhu, ta fi cutar da yara da tsofaffi, kuma idan ta haɗu da zafin rana takan haifar da wata iska da ke rage yabanya a gona.

Baya ga waɗannan akwai iskar kabon monoksayid mai kisa ba tare da wari ba, wadda injin dizal ke fitarwa ƙasa da na fetur amma duk da haka tana da haɗari a rufaffen ɗaki, sai kuma hayaƙin farar wuta idan man yana ɗauke da ita da yawa.

Matsalar da ta daɗe tana ci wa injiniyoyi tuwo a ƙwarya ita ce waɗannan guba biyu kamar sikeli suke. Idan aka ƙara wa wuta zafi da iska domin kunkunniya ta ƙone ƙurmus, sai NOx ta ƙaru. Idan aka rage zafin domin NOx ta ragu, sai kunkunniya ta ƙaru. Tarbo da na'urar maida hayaƙi an haɗa su ne domin kowanne ya riƙe ɓangare ɗaya na wannan sikeli.

Tarbo: zugazugin inji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san aikin zugazugi. Gawayi ɗaya ne, amma idan aka hura masa iska sai wutar ta yi ƙarfi, hayaƙin ya ragu. Aikin tarbo ke nan a jikin inji. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar wannan dabara a shekarar 1905. An fara amfani da ita a manyan injunan jiragen ruwa, daga baya ta shiga manyan motoci, sannan a 1978 kamfanin Mercedes-Benz ya fito da ƙaramar motar dizal mai tarbo. A yau da wuya a sami sabuwar motar dizal da ba ta da shi.

Tarbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Ta farko tana kan hanyar hayaƙi, zafin hayaƙin da ƙarfinsa ne ke juya ta. Ta biyu tana kan hanyar iska, tana zuƙo iska daga matatar iska, wadda makanikai ke kira eyakilina, ta danna ta cikin inji da ƙarfi. Ke nan ƙarfin da da zai tafi a banza ta salansa shi ake maidowa ya yi aiki. Sandar kan yi juyi fiye da 100,000 a cikin minti ɗaya, kuma ba abin da ke raba ta da ƙarfen da take juyawa a ciki sai siririn baƙin mai. Wannan ne ya sa rayuwar tarbo ta dogara kacokan a kan tsabtar baƙin mai.

Iskar da aka matse takan yi zafi, iska mai zafi kuwa ba ta da nauyi. Saboda haka ake ratsa ta cikin wani lagireto na musamman da ke gaban mota, wanda ake kira intakula, domin ta huce kafin ta shiga silinda. Iska mai sanyi ta fi ɗaukar oksijin, kuma tana rage zafin konewa. Akwai kuma wani bawul da ke buɗewa ya saki rarar hayaƙi idan matsi ya yi yawa. Sababbin injuna suna da tarbo mai fikafikai masu motsi, waɗanda kwamfutar inji ke tsukewa ko buɗewa gwargwadon gudun mota da nauyin kaya.

Amfanin tarbo shi ne ƙaramin inji ya yi aikin babba, mai ya ƙone sosai, baƙin hayaƙi ya ragu. Sai dai shi kaɗai ba ya maganin NOx, hasali ma yawan iska da zafi na iya ƙara ta.

Na'urar maida hayaƙi cikin inji

Wannan na'ura ita ce makanikai da takardun mota ke kira EGR. Aikinta shi ne ɗebo wani kaso na hayaƙin da ya riga ya ƙone a maida shi ya gauraya da sabuwar iskar da ke shiga inji. Mai ji da farko zai yi mamaki, don me za a ba inji abin da ya riga ya tofar? Amsar tana cikin abin da uwar gida ke yi a murhu: idan garwashi ya yi zafi da yawa, sai ta yayyafa masa toka. Toka ba ta ci da wuta, amma tana rage kaifinta. Hayaƙin da ya ƙone ba shi da oksijin mai yawa, kuma kabon dayoksayid da tururin da ke cikinsa suna shanye zafi. Idan ya shiga silinda sai wutar ta ci a hankali, ƙololuwar zafinta ta sauka, NOx ta ragu ƙwarai, a wasu yanayin aiki da rabi ko fiye.

An fara amfani da dabarar a motocin fetur na Amurka a farkon shekarun 1970. Ta shiga manyan motocin dizal na ƙasar sosai daga shekarar 2002, lokacin da aka tsananta dokar hayaƙi. Na'urar ta ƙunshi bututu, da bawul mai buɗewa da rufewa bisa umarnin kwamfutar inji, da kuma wani ɗan lagireto da ruwan inji ke zagayawa cikinsa domin ya sanyaya hayaƙin kafin ya koma. A akasarin ƙananan motoci bawul ɗin kan rufe idan inji yana da sanyi ko idan direba ya take totur gaba ɗaya, ya kuma buɗe a tafiya ta matsakaicin gudu. Akwai tsarin da ke ɗebo hayaƙi kafin ya kai ga tarbo, akwai kuma wanda ke ɗebowa bayan an tace shi a can bayan tarbo.

Illar wannan na'ura ita ce tana ƙara kunkunniya. Kunkunniyar kan haɗu da tururin baƙin mai ta daskare a jikin bawul da bututun shigar iska kamar kwalta, tana kuma saurin baƙanta baƙin mai.

Dalilin haɗa su biyu

Na'urar maida hayaƙi tana cinye gurbin da sabuwar iska za ta zauna a cikin silinda. In da babu tarbo, inji zai shaƙe, ƙarfinsa ya ragu, hayaƙinsa ya yi baƙi. Tarbo ne ke danno ƙarin iska ya cike wannan giɓi, har a sami oksijin da zai ƙona mai duk da hayaƙin da aka maido. Bugu da ƙari, hayaƙi ba zai bi bututu ya koma cikin inji ba sai matsin da ke ɓangaren salansa ya fi na ɓangaren shigar iska, kamar yadda ruwa ba ya hawa tudu. Tarbo mai fikafikai masu motsi ne ke samar da wannan matsi ta hanyar tsuke hanyar hayaƙi. Saboda haka lalacewar ɗaya takan bayyana a jikin ɗayan, kuma bakaniken da ya canza tarbo bai duba bawul ɗin hayaƙi ba, ya yi rabin aiki.

Waɗannan dabaru biyu, tare da feshin mai mai matsi sosai da kwamfuta ke sarrafawa, su ne ginshiƙin ci gaban da aka samu a Turai. Matakin farko na dokar hayaƙin manyan motoci a can, wanda ake kira Yuro I, ya fara aiki a 1992. Sai Yuro III a 2000, Yuro IV a 2005, Yuro V a 2008, da Yuro VI daga ƙarshen 2013. Tsakanin matakin farko da na shida an rage iyakar NOx daga giram 8 zuwa giram 0.4 a kowane awo na aikin inji, wato kashi ɗaya cikin 20. Domin kaiwa ga matakan baya-bayan nan an ƙara wasu na'urori biyu a jikin salansa: matatar da ke kama kunkunniya ta ƙona ta, da kuma tsarin fesa wani ruwa mai suna AdBlue wanda ke maida NOx ta zama naitirojin da tururi.

Ba kullum masu ƙera motoci suka riƙe amana ba. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin Volkswagen ya sanya wa motocinsa na dizal wata dabarar kwamfuta da ke kunna na'urorin rage hayaƙi sosai a lokacin gwaji, ta sassauta su a kan hanya. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kimanin miliyan 11 a duniya. Darasin da ke ciki shi ne takardar shaida kaɗai ba ta isa ba, sai an auna abin da injin ke fitarwa a bakin aiki.

Matsalar farar wuta a cikin mai

Ɗanyen mai yana zuwa da farar wuta a cikinsa, kuma matatar mai ce ke cire ta. Idan ta yi yawa a cikin dizal, hayaƙinta kan haɗu da tururi a cikin sanyayyen bututun maida hayaƙi ya zama ruwan asid mai cin ƙarfe. Yana huda lagireton hayaƙi, yana cin ringi da bangon silinda, yana kashe ƙarfin baƙin mai, yana kuma toshe matatar kunkunniya. Don haka sabon inji ba ya jituwa da tsohon mai.

Tun 2009 Tarayyar Turai ta ƙayyade farar wuta a dizal ɗin mota kada ta wuce kashi 10 cikin miliyan. A Nijeriya kuwa an daɗe ana amfani da iyakar kashi 3,000 cikin miliyan. A watan Satumba na 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya nuna yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa mai mai yawan farar wuta a Turai suna sayarwa a Afirka ta Yamma. A watan Disamba na wannan shekara, a Abuja, ƙasashen Nijeriya da Binin da Togo da Gana da Kwaddebuwa suka amince su sauko da iyakar zuwa kashi 50, ko da yake aiwatarwa ta yi jinkiri na shekaru. A watan Fabrairu na 2020 ministocin ƙungiyar ECOWAS suka zauna a Wagadugu suka amince da kashi 50 ga man da ake shigowa da shi, da kuma matakin Yuro IV ga motocin da ake shigowa da su. Matatar Ɗangote da ke Legas ta fara fitar da dizal a shekarar 2024.

A cikin gida, Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ke da alhakin tilasta bin dokokin muhalli, kuma a 2011 aka fitar da ƙa'idar hana gurɓata iska da hayaƙin motocin fetur da dizal. Kula da ingancin man da ake sayarwa kuwa yana hannun Hukumar NMDPRA, wadda dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta kafa.

Sai dai kowace irin doka aka kafa, man da aka saya a jarka a bakin hanya ba wanda ya san asalinsa. Gauraya dizal da kananzir tana rage masa santsi, ta cinye famfon mai da nozul. Ruwa da laka da ke kwanciya a gindin duro su ma haka suke yi. Araha ba ta ado, domin abin da aka rage a kuɗin lita ba ya kaiwa kuɗin nozul ɗaya na sabon inji.

Yanayin ƙasarmu

Da yawa daga cikin manyan motocin da ke bin hanyar Katsina zuwa Daura tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai bayan sun yi shekaru suna aiki, kuma an ƙera su ne domin ƙasa mai sanyi da mai mai tsabta. A nan suna gamuwa da abu uku. Na ɗaya, ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu da rairayin hanyoyin karkara, waɗanda ke toshe matatar iska cikin ɗan lokaci. Idan matatar ta yage, yashi kan goge fikafikan tarbo kamar an sa musu magagari. Na biyu, zafin bazara, wanda a watan Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, ya rage nauyin iska, ya kuma wahalar da intakula da lagireto. Na uku, lodin da ya wuce kima, wanda ke tilasta direba ya take totur har ƙasa, inji ya sha man da ya fi ƙarfin iskar da yake samu.

Ƙananan injuna masu silinda ɗaya, irin na niƙa da sussuka da ban ruwa, akasarinsu ba su da tarbo ko na'urar maida hayaƙi. Gyaran hayaƙinsu yana ga tsabtace matatar iska, da saita nozul, da guje wa ɗora musu aikin da ya fi ƙarfinsu. Tun da mata da yara ne suka fi tsayawa jiran niƙa, wajibi ne a fitar da bututun salansa waje, a ɗaga shi sama da rufin rumfa, a kuma bar tagogi a buɗe.

Abin da launin hayaƙi ke nunawa

Baƙin hayaƙi yana nuna mai ya fi iska yawa. A duba matatar iska, da robobin da ke kai iska daga tarbo ko sun tsage, da bawul ɗin maida hayaƙi ko ya maƙale a buɗe, da nozul, da kuma nauyin kaya.

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna inji na ƙona baƙin mai. Yana iya zama ringi ne ya cinye, ko kuma tarbo ne ke zubar da mai.

Farin hayaƙi na ɗan lokaci da sanyin safiya ba matsala ba ne. Idan ya ci gaba bayan inji ya yi zafi, to ko man ba ya ƙonewa daidai, ko ruwa na shiga silinda. Idan ruwan lagireto yana raguwa ba tare da an ga inda yake ɗiga ba, a binciki lagireton hayaƙi da gasket.

Ƙarar fito mai ƙarfi ko ta gogar ƙarfe daga tarbo alama ce ta a tsaya nan take, domin idan fanka ta farfashe, ɓaraguzanta cikin inji za su faɗa.

Toshe na'urar ba gyara ba ne

Ya zama ruwan dare idan bawul ɗin maida hayaƙi ya toshe sai a sa masa faifan ƙarfe a rufe shi, ko a fasa matatar kunkunniya a zubar da cikinta. Mai mota kan ga kamar an warke, domin motar ta daina shaƙewa. Gaskiyar magana ita ce gubar da ido ba ya gani ta ƙaru, kuma masu shaƙarta su ne direban da yaron motarsa da masu talla a tasha da mazauna bakin titi. Haka kuma kwamfutar wasu injunan takan rage ƙarfin mota idan ta ga an taɓa na'urar. Abin da ya dace shi ne a kwance bawul ɗin a wanke shi, a gyara abin da ya jawo yawan kunkunniyar tun farko.

Akwai gargaɗi na musamman ga manoma masu sababbin taraktoci da motoci masu tankin AdBlue. Ruwan ya ƙunshi kashi 32.5 cikin ɗari na tatacciyar yuriya a cikin ruwan da aka cire wa gishiri da ma'adinai. Jiƙa takin yuriya na gona a ruwan rijiya ba zai maye gurbinsa ba, zai dai lalata na'urar. Kuma ba a zuba shi cikin tankin mai.

Shawarwari ga direbobi da masu injuna

1. A riƙa yin juye a kan lokaci da baƙin man da kamfanin ya ƙayyade, a canza matatar baƙin mai tare da shi. A lokacin ƙura a gajarta tsakanin juye da juye.
2. A duba matatar iska akai-akai a lokacin hunturu. Kada a tayar da inji babu ita, kada kuma a huda ta.
3. Bayan tayar da inji a dakata kamar minti ɗaya kafin a taka totur, domin mai ya isa ga tarbo.
4. Bayan doguwar tafiya ko huɗa, a bar inji a silo minti biyu zuwa uku kafin a kashe, domin tarbo ya huce, man da ke cikinsa kada ya ƙone.
5. Kada a bar mota a kunne na tsawon lokaci a tasha ko kasuwa. Yana ɓarnar mai, yana kuma tara kunkunniya.
6. A sayi mai a gidan mai da aka sani, a riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a matatar mai.
7. Kada a bari a buɗe famfon mai fiye da saitin kamfani da sunan ƙara ƙarfi. Baƙin hayaƙi kuɗi ne ke fita ta salansa.

Shawarwari ga jami'ai da shugabannin al'umma

Jami'an sashen ayyuka da na gona a ƙaramar hukuma su tabbatar kowace tarakta da tifa da janareta tana da littafin da ake rubuta awannin aikinta da ranar juyenta. Wajen sayen sabon inji a nemi sanin matakin hayaƙinsa, da irin man da yake buƙata, da ko akwai kayan gyaransa da wanda ya iya gyara shi a Katsina ko Kano. A kuma sayi janareta daidai da buƙata, domin babban janaretan da ke ɗauke da ɗan ƙaramin aiki ba ya ƙona mai sosai.

Jami'an lafiya da duba-gari su lura da inda ake girke janareta a asibitoci da makarantu, kada salansa ta fuskanci taga ko ɗakin haihuwa. Hakimai da dagatai da masu unguwanni suna da ta cewa wajen zaɓen wurin da za a kafa injin niƙa da wurin tsayuwar manyan motoci ranar kasuwa, ta yadda za a nisanta su daga rumfunan abinci da makarantun allo. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na makanikai kuwa su ne suka fi kowa kusa da masu aikin, kuma horar da matasan makanikai a kan na'urar gwajin kwamfutar inji zai rage al'adar toshewa da cirewa. Inda hali ya yi, maye gurbin janaretan rijiyar burtsatse da na'urar hasken rana yana kawar da hayaƙin baki ɗaya.

Kammalawa

Tarbo yana ba inji isasshiyar iska domin mai ya ƙone sosai, na'urar maida hayaƙi kuma tana sassauta zafin wutar domin kada iskar ta zama guba. Dukansu biyu ba sa ɗorewa sai da mai mai ƙarancin farar wuta, da baƙin mai mai kyau, da matatar iska mai tsabta. Waɗannan abubuwa ne da ke hannun mai inji da bakanikensa da hukumar da ke sa ido, kuma kuɗinsu bai kai na sabon tarbo ko na jinyar huhu ba. Rigakafi ya fi magani.